Tambaya da Amsa: Sabon Antoni Janar da Makomar 'Yancin Talaka

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan fitowa, dukkansu daga nan Legas. Masu su ba su san juna ba, amma tambayoyinsu sun haɗu a kan kujera guda, wato ta babban lauyan gwamnati. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya, na kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwar Mile 12 ne, shekarata goma sha tara ina sayar da albasa. Duk lokacin da aka yi sabuwar gwamnati sai in ji ana ta muhawara a rediyo kan wanda za a ba kujerar Antoni Janar. A 2023 da aka naɗa Lateef Fagbemi, wani maƙwabcina Bayarabe ya ce yanzu doka za ta yi aiki tunda an kawo gogaggen lauya, wasu 'yan'uwanmu kuma suka ce mun yi asara domin ɗanmu ya bar kujerar. Don Allah mene ne aikin wannan mutum, kuma me ya haɗa shi da irina da ba shi da kowa a gwamnati?

AMSA: Wa alaikumus salamu, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka.

Sashe na 150 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa wannan kujera. Ya ce za a samu Antoni Janar na Tarayya wanda zai zama babban jami'in shari'a na ƙasa kuma minista a gwamnatin tarayya, sannan ba za a ba mutum ita ba sai ya shekara goma aƙalla da zama lauya. A cikin wannan magana guda aka ɗora wa mutum ɗaya kaya biyu masu nauyi. Shi minista ne, shugaban ƙasa ne ya zaɓo shi, da shi ake zaman majalisar zartarwa, kuma ranar da shugaban ya ga dama zai sallame shi ba tare da neman izinin kowa ba. Shi ne kuma wanda aka damƙa wa amanar doka, amanar da ta haɗa da haƙƙin wanda ya zaɓi gwamnatin da na wanda ya ƙi ta, har da na wanda gwamnatin take wa kallon maƙiyi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma yawancin sukar da masu wannan kujera suka sha tun 1999 ta samo asali ne daga ranar da buƙatar maigidansu ta yi gabas, doka ta yi yamma.

Ƙarfinsa na gaske yana sashe na 174. Yana da ikon shigar da ƙara a kan kowa a duk laifin da dokar tarayya ta tanada, yana da ikon karɓe shari'ar da wata hukuma ta fara, ko 'yan sanda ne ko EFCC, ya ci gaba da ita da kansa, kuma yana da ikon janye shari'a a kowane mataki muddin ba a yanke hukunci ba. Kundin ya gindaya masa sharaɗin ya duba maslahar jama'a da adalci, ya kuma hana a yi wasa da shari'a, sai dai tun 1983, a shari'ar Ilori da ta taso daga nan Legas, Kotun Ƙoli ta ce idan Antoni Janar ya janye ƙara ba hurumin kotu ba ne ta tambaye shi dalili, abin da zai taka masa birki shi ne wanda ya naɗa shi da kuma bakin jama'a. Da wannan iko ana iya ceto wanda aka ƙulla wa sharri, da shi ɗin dai ana iya kuɓutar da ɓarawon da yake da uwa a gindin murhu.

Abin da ya haɗa shi da kai, Alhaji, yana babi na huɗu na kundin, daga sashe na 33 zuwa na 46. A nan aka rubuta cewa ba za a azabtar da kai ba, ba za a hana ka zama da neman abinci a ko'ina cikin Najeriya ba, ba za a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko addini ba, kuma idan an kama ka dole a kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda da wuya a samu unguwa a Legas da ta fi haka nisa da kotu. Waɗannan haƙƙoƙi a rubuce suke, amma ba su da ƙafar da za su bi ka zuwa caji ofis. Idan aka take su, kotu za ka je, idan kuma kotu ta ba ka gaskiya a kan gwamnati, alƙali ba shi da rundunar da zai tura ta buɗe ƙofar kurkuku. Bindiga da makulli suna hannun ɓangaren da aka kayar. Wanda ya kamata ya miƙe a wannan rana ya ce wa hukumar tsaro ta bi umarnin kotu ko da ba ta so, shi ne Antoni Janar. Har diyyar da kotu za ta ba ka tana iya maƙalewa a teburinsa, domin wata tsohuwar doka ta tanadi cewa kafin a ƙwace kuɗin gwamnati da ke hannun jami'inta a biya mai bin bashin hukunci, sai an nemi izinin Antoni Janar, wato sai ka roƙi lauyan wanda ka kayar ya yarda a biya ka. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya da wannan tanadi, kuma ina cikin masu ganin ya saɓa wa hankali.

Maganar 'yan'uwanmu da suka ce mun yi asara ita ce ta fi damuna, domin tarihin da ya ƙaryata ta bai yi nisa ba. Abubakar Malami, ɗan jihar Kebbi, ya riƙe kujerar daga 2015 zuwa 2023. A cikin waɗannan shekaru aka tsare Kanar Sambo Dasuki tun Disamban 2015, kotuna daban-daban suka ba da belinsa, Kotun ECOWAS ta ce a Oktoban 2016 tsarewar ta saɓa wa doka, amma bai koma gida ba sai ranar 24 ga Disamban 2019. A cikinsu ne Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarni a Disamban 2016 a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, ba a sake su ba sai a Yulin 2021 da babbar kotun jihar Kaduna ta sallame su. Ɗaya Basakkwace ne, ɗayan Bazazzage, shugaban ƙasa Bakatsine, Antoni Janar Bakabe, amma zaman 'yan yanki ɗaya bai buɗe ƙofa ba. Ba ina wanke kowa daga tuhumar da aka yi masa ba ne, wannan aikin alƙali ne; abin da nake faɗa shi ne alƙalin ya yi magana aka ƙi ji. A taron lauyoyi na ƙasa a Agustan 2018 Shugaba Buhari ya fito fili ya ce tsaron ƙasa yana gaba da bin doka, kuma irin wannan ranar ce ake buƙatar babban lauyan gwamnati ya ja maigidansa gefe ya gaya masa cewa kundin da ya rantse a kai bai faɗi haka ba. Adalci ne kuma in ambaci cewa a zamanin Malamin ne, a 2018, gwamnati ta biya diyyar naira miliyan 135 ga iyalan mutum takwas da jami'an tsaro suka kashe a wani kango a unguwar Apo ta Abuja a 2013, da waɗanda aka jikkata, yawancinsu 'yan ci-rani, bayan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa ta ba da umarnin biyan tun 2014. Ko a lissafin yanki ma, ka tuna wa 'yan'uwan namu cewa Fagbemi ɗan Kwara ne, Kwara kuwa tana cikin jihohin Arewa goma sha tara.

Maƙwabcinka ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma bai kai ba. Babu mai musun cewa Fagbemi, wanda aka rantsar ranar 21 ga Agustan 2023, lauya ne mai muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, da ya daɗe a fagen shari'a. Sai dai shi ne ya jagoranci lauyoyin jam'iyyar APC a kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kuma kowa ya san abin da ake cewa game da wanda ya ci ladan kuturu. Ilimin doka bai taɓa yi wa wannan kujera ƙaranci ba. Abin da ya kan yi ƙaranci shi ne ƙarfin halin faɗa wa mai mulki abin da ba ya son ji.

Ga abin da muka gani da idonmu. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da matasa da ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, waɗanda aka kamo daga Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka tuhume su har da cin amanar ƙasa. Sun yi kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, duk ƙashin haƙarƙarinsu a waje, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Da hotunan suka bazu, Antoni Janar ya nemi 'yan sanda su miƙa masa fayil ɗin, shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu ranar 4 ga wata, washegari aka janye tuhumar. Wannan shi ne sashe na 174 yana aikin alheri, kuma na yaba. Amma ikon da aka yi amfani da shi a Nuwamba yana nan tun Agusta, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa 'yan sanda su riƙa aika wa ofishin Antoni Janar rahoton mutanen da suka kama duk bayan wata uku. Da yaran nan ba su faɗi a gaban kyamara ba, ina tsoron da har yanzu labarinsu bai fito ba. Saboda haka idan aka naɗa sabon Antoni Janar, a wannan gwamnati ko wata, ka bar takardun karatunsa da garinsu, ka jira ranar farko da kotu za ta kayar da gwamnati a kan mutumin da gwamnatin ta tsana, ka ga ko an sake shi a makon.

TAMBAYA: Barka da aiki, Yaya Barista. Ni mai gyaran waya ne a Agege, kuma nakan yi rubutu a Facebook a kan tsadar rayuwa da halin da shugabanni suka sa mu. Mahaifina ya ce in daina kafin a zo a ɗauke ni. Shin sauyin Antoni Janar yana rage wannan haɗari, ko in bi maganar Baba?

AMSA: Ƙanena, tsoron Baba yana da tushe, kada ka raina shi.

Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, na 40 ya ba ka 'yancin taro da shiga ƙungiya, amma na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita su da doka saboda tsaro ko zaman lafiya, kuma ta wannan ƙofa ake shigowa. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta mai da aika saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya ci masa fuska laifi, kalmomi masu faɗi da duk mai iko zai iya cusa abokin hamayyarsa a ciki. An kama 'yan jarida da masu rubutu da dama da ita, har Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana ta kuma nemi a gyara shi. A Fabrairun 2024 aka gyara, aka taƙaita laifin ga saƙon batsa da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya aika domin tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Gyaran ci gaba ne, sai dai kame bai tsaya ba, domin wanda ya sa a kama ka sau da yawa ba ya neman kotu ta same ka da laifi, kwana goman da za ka yi a bayan kanta da shagonka a rufe sun ishe shi.

A nan ne halin Antoni Janar yake bayyana. A Yunin 2021 da gwamnati ta dakatar da Twitter, ofishin Antoni Janar na lokacin ya ba da umarnin a gurfanar da duk wanda ya ci gaba da amfani da shi, alhali babu dokar majalisa da ta ce yin haka laifi ne, kuma sashe na 36 ya hana a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta a doka ba. An ɗage takunkumin a Janairun 2022, Kotun ECOWAS kuma ta yanke a Yulin shekarar cewa dakatarwar haramtacciya ce. Da babban lauyan gwamnati ya tsaya a kan doka tun ranar farko, da ba a kai can ba. Haka batun zanga-zanga: tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a ƙarar da jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu suka kai Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana, amma har gobe za ka ji kwamishina ya fito ya ce ya haramta taro. Takarda ɗaya daga Antoni Janar zuwa ga Sufeto Janar, mai tuna masa wannan hukunci, da ta rage jinin da ake zubarwa. Mu da muke Legas a Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, mun san inda rashin irin wannan tsawatarwa yake kaiwa.

Ba zan ce ka yi shiru ba, domin shirun kowa ne yake ba azzalumi fili. Amma ka rubuta abin da ka tabbatar, ka soki aiki da manufa, ka bar zagin iyaye da laƙaba wa mutum laifin da ba ka da hujjarsa, kada kuma ka tura abin da aka turo maka ba ka bincika ba. Ka ba wani na gida lambar lauya tun kafin buƙata ta taso. Sannan ka zauna da Baba ka karanta masa abin da kake rubutawa. Yawancin tsoron iyaye yana ƙaruwa ne idan ba su san abin da ɗansu yake faɗa a waje ba.

TAMBAYA: Ɗana Barista, ni dattijo ne a Idi-Araba, na yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa. Tun ina da ƙarfina nake jin ana cewa za a raba kujerar Antoni Janar da ta Ministan Shari'a. Me ya hana, kuma zai yi amfani?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. An kusa yi. Majalisar Tarayya ta sa raba kujerun biyu cikin gyaran kundin da ta kammala a farkon 2015, amma Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu, kuma wannan raba kujera tana cikin dalilan da ya lissafa. Ba abin mamaki ba ne, babu mai mulkin da yake son a zare masa wuƙar gurfanarwa daga hannu. Kenya ta yi irin wannan gyara a kundinta na 2010, inda ta ware ofishin daraktan gabatar da ƙararraki ta ba shi wa'adi guda na shekara takwas, ba a sabuntawa.

Ina goyon bayan rabawar, da sharaɗin a yi ta da gaske, wato a ba mai gurfanarwa wa'adin da ba za a tsige shi ba sai da hannun majalisa, a kuma ware masa kuɗinsa. Idan shugaban ƙasa ne zai naɗa shi ya kuma kore shi yadda ya so, an ƙara ofis da motoci ne kawai. A yi ta kuma har jihohi, domin kowace jiha tana da nata Antoni Janar mai irin wannan iko a ƙarƙashin sashe na 211, kuma shi ma kwamishina ne na gwamna. Ka tuna shari'ar hana sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas: babbar kotun jiha ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke shi a 2016, gwamnatin jiha ta ƙi haƙura ta wuce Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa 'yan mata haƙƙinsu ranar 17 ga Yunin 2022. Yarinyar da take aji ɗaya na sakandare lokacin hukuncin 2016 ta kai ajin ƙarshe kafin a rufe maganar.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Barista. 'Yata ce take rubuta mini wannan. Ɗana ɗan acaɓa ne, shekararsa ashirin da biyu. An yi fashi a wata unguwa, washegari aka yi kame aka haɗa da shi. An kai shi kotun majistare sau ɗaya, aka ce a ajiye shi a gidan yari sai shawarar lauyoyin gwamnati ta fito. Yau wata goma sha huɗu ke nan. Ba ya jin Turanci, ya ce wata takarda aka ba shi ya dangwala yatsa. Wani ya ce in rubuta wa Antoni Janar a Abuja. Ina zan dosa?

AMSA: Wa alaikumus salamu, Hajiya. Allah ya fito da shi lafiya, ya ba ki juriya. Na bar wasiƙarki a ƙarshe domin ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce ainihin inda duk maganar da muka yi a sama take sauka.

Ba Abuja za ki fara dosa ba. Shari'ar fashi da aka yi a Legas lauyoyin ma'aikatar shari'a ta jiha ne suke duba ta, ƙarƙashin Antoni Janar na jihar, kuma ofishinsu yana sakatariyar Alausa a Ikeja. Ga yadda abin yake tafiya. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, domin laifi ne mai hukuncin kisa, sai babbar kotu. 'Yan sanda kan kai mutum gaban majistare ne kawai domin a ba da umarnin ajiye shi, daga nan su aika kwafin fayil ga daraktan gabatar da ƙararraki, wanda ake kira DPP, shi kuma ya duba ya ce ko akwai hujjar gurfanarwa ko a sallami mutum. A tsakanin waɗannan ofisoshi biyu ne mutane suke ɓacewa. Wani lokaci fayil ɗin bai bar caji ofis ba, wani lokaci an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, wani lokaci shawarar ta fito tun tuni da cewa a saki mutum amma ba ta isa kotu ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba, kuma gidan yarin Ikoyi da aka gina domin mutum 800 ya daɗe yana ɗauke da ninkin haka sau da yawa.

Na taɓa zama a wata kotun majistare ina jiran a kira tawa shari'ar, aka shigo da samari daga motar fursuna, biyu-biyu a ankwa guda. Aka kira wani yaro da bai fi ɗanki ba, silifas ɗinsa wari da wari, aka karanta masa tuhuma da Turanci, aka tambaye shi ko ya gane, ya ce “yes sa”. Aka sake tambayarsa wani abu, ya ce “yes sa”. Na miƙe na nemi izinin alƙali na yi masa magana da Hausa, na ce, “Ka san abin da aka ce ka yi?” Ya dube ni kamar ya ga ɗan'uwansa na ciki ɗaya, ya ce, “Wallahi Yallaɓai ban sani ba, an ce mini in riƙa cewa yes sa za a sake ni.” Alƙaliyar ta dakatar da zaman nan take ta sa a nemo tafinta. Tun daga ranar, abin da nake fara tambayar duk Bahaushen da aka tsare a Legas shi ne da wane harshe aka yi masa magana.

Wannan yana da muhimmanci a shari'ar ɗanki. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, ya kuma ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta a kotu. Dokar shari'ar laifuka ta jihar Legas ta tanadi a ɗauki bayanin amsa laifi a bidiyo, idan babu hali a rubuta shi a gaban lauyan wanda ake tuhuma. Takardar da aka rubuta da Turanci aka sa wanda ba ya jin Turanci ya dangwala mata yatsa, ba tafinta ba lauya, abu ne da lauya zai ƙalubalanta da ƙarfi. Idan kuma an doke shi kafin ya dangwala, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta hana a karɓi irin wannan bayani, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata.

Ba zan ɓoye miki ba, tuhumar fashi da makami tana da wuyar beli. Majistare ba zai iya bayarwa ba, kuma tanadin kundin da ya ce a saki wanda aka tsare wata biyu ba a fara shari'arsa ba bai shafi laifin da ke da hukuncin kisa ba. Duk da haka umarnin ajiya yana da wa'adi, ba a barin sa ya zama ɗaurin da babu ranar fita, kuma babbar kotu tana da ikon ba da beli ko ta sallame shi idan aka nuna mata an ajiye mutum wata goma sha huɗu ba tuhuma a gabanta.

Ba sai kin sayar da kayan ɗakinki ba. Jihar Legas tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi kyauta, wanda ake kira OPD, an kafa shi a 2000 lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yake Antoni Janar na jihar, hedikwatarsa tana Surulere. Akwai kuma hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, ita ma kyauta take aiki. Kafin ki je, 'yarki ta je wurin rajistaran kotun da aka kai shi ta karɓo lambar ƙarar da ranar da aka fara gurfanar da shi, ta rubuta sunan caji ofis ɗin da ya kama shi da na gidan yarin da yake, da sunan da aka rubuta masa a takarda, domin sau da yawa ana rubuta sunayenmu ba daidai ba har a neme mutum a rasa. Ki roƙi lauyan ya fara bincika ko fayil ya isa Alausa, ya rubuta wa DPP da Antoni Janar na jiha takardar tuni, ya shigar da buƙatar beli ko ta kare haƙƙi a babbar kotu, ya kuma nemi a sa sunan yaron cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin jiha idan ya kai ziyarar rage cunkoso a gidajen yari. Idan akwai waɗanda suka san inda yake a daren da aka yi fashin, shugaban tasharsu ta acaɓa ko mai gidan da yake kwana, a rubuta sunayensu yanzu tun ba su bar gari ba. Ki sanar da fadar Sarkin Hausawan unguwarku domin a samu dattijon da zai raka ki, kada kuma ki ba kowa kuɗi a kan alƙawarin zai fito da fayil ta bayan gida.

Idan kin samo lambar ƙarar, 'yarki ta aiko mini da ita ta adireshin mujalla, zan duba inda fayil ɗin ya tsaya in sanar da ke.